Zaman haɗuwar maniyyata kafin tashi: yadda kamfanonin jirgin yawo ke gudanar da shi

Yawancin kamfanonin jirgin yawo masu lasisin NAHCON, hukumar alhazai ta Najeriya, kan tara maniyyatansu kwana biyu ko uku kafin tashi. A nan mutum yake fara ganin waɗanda zai kwana ɗaki ɗaya da su a Makka da Madina, su haɗa tanti a Mina.

Ta ɓangaren bita dai ba su da laifi. Malami yakan nuna ɗaura harami a aikace, ya kuma bambanta wanda zai sauka Madina, wanda miƙatinsa Zul Hulaifa ne, da wanda jirginsa zai sauka Jidda ya wuce Makka, wanda dole ya shirya haraminsa tun kafin ya hau jirgi. Ana duba fasfo da katin rigakafi. Allurar sanƙarau sai an yi ta aƙalla kwana 10 kafin shiga Saudiyya. Gargaɗin goro da riƙe wa wani kaya ma ana nanata shi yadda ya kamata.

Inda gizo ke saƙar shi ne rabon rukuni. Sau da yawa wa'azi kan cinye awa biyu, sai an tashi a karanta sunaye a gurguje. Ɗakin mutum huɗu kuma a raba shi bisa jerin waɗanda suka fara biyan kuɗi, ba a duba shekaru ko lafiya ba. Sai ka ga dattijo mai ciwon suga da saurayi mai kwana kan waya sun faɗa ɗaki ɗaya, ko a raba Hajiya da 'yarta wadda ta san lokacin shan maganinta. Idan an riga an tura wa otal sunaye, sauyi sai da rigima.

Kamfanin da ya san aikinsa yakan ware minti 30 don wannan kaɗai. Kowane rukuni ya zauna daban da jagoransa, kowa ya faɗi sunansa da garinsa da lalurarsa, a gano wanda ya taɓa zuwa da mai jin Larabci. A buɗe zauren WhatsApp, amma kada a dogara da shi, domin layin gida yakan ɗauke kafin a sayi na Saudiyya. A rubuta lambar jagora da sunan otal da Larabci a takarda, a rataya tare da katin Nusuk, wato katin shaidar alhaji na Saudiyya, wanda ba a shiga Mina da Arfa sai da shi.

Kafin ka biya, tambaye su mutum nawa jagora ɗaya yake riƙewa, kuma shin tare za ku hau jirgi. Wasu jagororin sai bayan kwana biyu suke biyo baya, maniyyata su sauka Jidda babu mai nuna musu motarsu.