Yaya, kafin ka biya kuɗin Sienna mai haɗa fetur da batir

Assalamu alaikum Yaya, da fatan kuna lafiya, a gaida Hajiya da yara. Ka tambaye ni ko motocin nan masu haɗa fetur da batir sun cancanci kuɗinsu, tunda tun cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa a gida lissafin lita yake yi. Ga abin da na gani a nan Amurka.

Sienna ɗin da muka sani a tasha, mai silinda shida, an daina ƙera ta. Daga samfurin 2021 duk Sienna da ke fitowa daga masana'antar Toyota da ke Indiana haibirid ce, inji mai silinda huɗu da injin lantarki a tare. Hukumar kare muhalli ta nan ta ƙiyasta mata mil 36 a galan ɗaya, wato kusan lita 6.5 a kilomita 100. Honda Odyssey, wadda har yanzu fetur zalla take sha, mil 22 take yi. Wanda ke tafiyar mil 12,000 a shekara, bambancin ya kai kusan lita 800. Wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne ga mai iyali.

Amma a cikin gari ake cin ribar. Idan ka tsaya a danja ko cunkoso, injin fetur yakan mutu da kansa, AC kuma na ci gaba da sanyi saboda da lantarki take aiki. Duk lokacin da ka taka birki, motar na mayar da ƙarfin nan cikin batir, shi ya sa ma birkinta ke daɗewa bai cinye ba. Ba a jona ta da wuta, don haka kada ɗauke wuta ya dame ka. A doguwar hanya kuwa, ka cika ta da mutane da kaya kana zuba gudu, injin fetur ne ke kusan duk aikin, tazarar ta ragu. Mu nan sanyin hunturu ma na rage mana, domin injin kan daɗe yana aiki don ɗumama cikin mota.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da ba ya shiga kwantena tare da motar. A nan Toyota na ba batirin garanti na shekara 10 ko mil 150,000, kuma a garuruwa da yawa akwai garejin da zai jona kwamfuta ya karanta lafiyar batirin. Ranar da motar ta sauka Kwatano ko Legas, kai da bakanikenka kawai kuka rage. Wayoyin nan masu ruwan lemo da ke cikin injin wuta ce mai iya kisa, ba wurin gwaji ba ne. Mai gyaran AC ma idan ya zuba man da ya saba zubawa a sauran motoci, zai iya lalata kwamfiresa, domin nata daban ne. Sannan batirin yana ƙarƙashin kujerun gaba, da fanka da 'yar matata da ke jawo masa iska daga cikin mota. Ka tuna ƙurar hunturun Kano da zafin watan Afrilu. Idan matatar ta toshe, batirin zai yi ta zafi har ya gaji da wuri, alhali cire ta a kakkaɓe aikin 'yan mintoci ne.

A ganina, tunda zirga-zirgarka kai yara makaranta ce da kasuwa, za ta biya ka, da sharaɗin ka fara samun bakaniken da ya taɓa aikinta da hannunsa, mai kwamfutar dubawa. Da lodin Kano zuwa Abuja za ka saka ta, da sai in ce ka dakata tukuna.

Don Allah ka kiyayi masu arha fiye da kima. Da yawa daga gwanjon motocin haɗari da na ambaliya suke fitowa, kuma haibirid ɗin da ruwa ya shiga batirinta asara ce. Kafin ka ba dillali ko sisi, ka turo mini lambar VIN ɗinta, wato lambar shaidar motar mai haruffa da lambobi 17, in duba maka tarihinta daga nan.