Kafin ka zuba dala wajen neman asalin dangi a Amurka, duba nan

Uwar yarana Ba'amurkiya ce baƙar fata, kuma babbar 'yarmu ce ta jawo mana wannan aiki, wata rana ta dawo makaranta tace Baba kai kana iya lissafo kakanninka har shida amma Mama daga kakar kakarta sai tayi shiru, me yasa? Wallahi abin ya tsaya min a rai. Shekara biyu kenan muna tono, mun kashe kuɗi a inda ya dace da inda bai dace ba, shi yasa nace bari in rubuta saboda 'yan uwa da suke da surukai a nan ko ɗalibai masu binciken tarihi.

Abu na farko, kar ka fara da tambayar wane shafin intanet ne yafi kyau. Tambayi kanka mutanen da kake nema a ina suka zauna, sannan 'ya'ya ne ko bayi ne a lokacin. Amsar nan ita zata nuna maka inda zaka kai kuɗinka. Don garuruwan jihohin arewa maso gabas irin su Masacuset tun shekarun 1600 suke rubuta haihuwa da aure da mutuwa a littafin gari, amma jihohin kudu yawancinsu sai bayan 1900 abin ya kankama, a can sai dai ka bi ta wasiyya da rabon gado da takardun filaye da na haraji. Ƙidayar farko ta ƙasa an yi ta ne a 1790, kuma daga nan har 1840 sunan maigida kawai ake rubutawa, sauran mutan gida adadi ne. A 1850 aka fara rubuta sunan kowa amma banda bayi. Su bayi sai 1870 sunansu ya shiga ƙidaya, bayan yaƙin basasar Amurka. Ta 1890 kuwa gobara ta cinye kusan dukkanta a 1921, babu shafin da zai sayar maka da ita ko nawa zaka biya.

To FamilySearch shi zan fara sa wa a gaba, don kyauta ne, ko sisi baka biya, rajista kawai. Cocin Momon ne yake da shi, hedikwatarsu na Salt Lake City a jihar Yuta, tun 1894 suke tara takardun asali, kuma gara ka sani dalilinsu na addini ne, suna da aƙidar yi wa matattunsu wankan shiga addini, saboda haka in kana da ƙyashin saka sunan mamatanka a ciki sai kayi amfani da shi wajen bincike kawai ka ajiye salsalarka a kwamfutarka. Ƙarfinsa shine hotunan ainihin littattafan kotunan gunduma, shafi bayan shafi, wasiyya da cinikin fili da lissafin kayan mamaci. A 2024 suka fito da wata hanya da kwamfuta ke karanta rubutun hannu ta nemo maka suna a tsakiyar takarda, wannan ya rage mana wahala sosai. Matsalarsa guda biyu. Salsalar da ke ciki ɗaya ce ta kowa da kowa, wani zai iya zuwa ya canja abin da ka rubuta, sannan wasu takardun basa buɗuwa daga gida sai kaje cibiyarsu ko laburaren da suke hulɗa da shi.

A nan muka ga abin da har yanzu in na tuna jikina yake sanyi. Muna bin wani littafin rabon gado na wata gunduma a Karolina ta Arewa, rubutun alƙalami ya koɗe ya koma ruwan ƙasa, an jero kayan mamaci da kuɗin kowanne a gefe, gado da katifa, tukwanen ƙarfe, shanu, garma, sai kawai a layi na gaba ga sunan mace da yarinyarta, suna ɗaya ɗaya babu na uba, an sa musu kuɗi kamar sauran kayan. Uwar yarana ta ɗora yatsa akan gilashin kwamfutar ta kasa magana. Sunan ya zo daidai da wanda gwaggonta ta sha faɗa mana a kicin tana yanka kabeji.

Ancestry kuma na kuɗi ne, wata wata ko wata shida, kuma shine mafi girma cikin na kasuwanci. Gaskiya yafi sauƙin sha'ani, ka rubuta suna ya watso maka ƙidaya da aure da kabari a lokaci ɗaya, ga wani ɗan koren ganye da yake fitowa yana cewa ga wata takarda mai yiwuwa ta mutuminka ce. Ganyen nan shine daɗinsa kuma shine haɗarinsa. Yawancin abin da yake kawo maka na kafin 1800 daga salsalar wasu mutane ne da suka kwafa daga wasu, babu takarda ko ɗaya a ƙasa, zaka ga an haɗa mutum da uban da ya mutu shekara goma kafin a haife shi kuma mutum ɗari sun kwafa haka. Ni kaina na taɓa bin irin wannan na ɓata wata guda ina murna mun kai 1700, ashe wani ne daban mai suna iri ɗaya a gundumar maƙwabta, laifina ne ban duba ba. Suna bada kwana 14 na gwaji, sannan laburarori da yawa a Amurka suna da shi kyauta in ka zauna a ciki. Shawarata ka tara tambayoyinka tukuna, ka biya wata ɗaya, ka sauke duk abin da kake so, ka fita. Kuma duk shafin da ka bai wa katinka ka duba ko yana sabunta kansa, wani shafi da ba zan kira suna ba haka ya cire min kuɗin shekara ina barci.

Idan dangin Turawa ne na arewa maso gabas, wato masu cewa kakanninsu sun zo a jirgin Mayflower a 1620 ko cikin ayarin da ya biyo baya har 1640, to American Ancestors yafi dacewa, na wata ƙungiya ce a Bostan da aka kafa tun 1845. Su aikinsu a tace yake, masana ne suka bi mutum ɗaya ɗaya da hujja. Jirgin nan fasinja 102 ya ɗauko kuma kusan rabi basu wuce hunturun farko ba, amma masu iƙirarin jininsa ba'a magana, to nan ake tantancewa. In dangin kudu ne kuwa ba lallai kuɗinka ya biya ba, duk da sun fara wani aiki na tattara sunayen bayi mai suna 10 Million Names.

Fold3 na takardun soja ne, mallakar Ancestry amma ana iya biyansa daban. Kar ka saya sai ka tabbata akwai soja a dangin. In akwai to akwai garaɓasa, don tsofaffin sojojin yaƙin neman 'yanci na 1775 zuwa 1783 da suka nemi fansho a ƙarƙashin dokokin 1818 da 1832 sai da suka bada labarin rayuwarsu a gaban kotu, matan da mazansu suka mutu har shafin littafin Baibul na gida suke yagowa inda aka rubuta ranar aure da haihuwar yara su aika a matsayin shaida. Baƙaƙe wajen 180,000 kuma sun yi wa rundunar arewa yaƙi a yaƙin basasa, cikinsu har da wani ɗan Kukawa ta Borno, Muhammad Ali ɗan Sa'id da suke kira Nicholas Said, yana runduna ta 55 ta Masacuset.

Masu neman kakanni bayi, mafi yawan abin da zai taimake ku kyauta ne, kar wani ya ruɗe ku. Takardun hukumar kula da 'yantattun bayi ta 1865 zuwa 1872 suna FamilySearch, haka na bankin 'yantattu wanda ya rushe a 1874, shi wannan in ka dace mai ajiya ya faɗi sunan uwa da uba da 'yan uwa har da gonar da ya fito. A 1850 da 1860 an yi wa bayi lissafi daban amma a ƙarƙashin sunan ubangida, shekaru da jinsi da launi kawai, saboda haka dole sai ka gano ubangidan sannan ka koma bin takardun gidansa. Shafin SlaveVoyages na nuna jiragen da suka yi jigilar bayi, mutum wajen miliyan 12 da rabi aka loda daga Afirka amma waɗanda aka sauke kai tsaye a yankin da ya zama ƙasar Amurka basu kai 400,000 ba. Hausawa da aka kama yawanci Bahiya ta Barazil aka kai su, amma a kundin bayin Luwiziyana da masaniyar tarihi Gwendolyn Midlo Hall ta haɗa, inda Faransawa da Sifaniyawa suke rubuta ƙabilar bawa, akwai waɗanda aka rubuta Hausa. Ka kuma shirya wa takaici, gundumomi da dama a Bajiniya takardunsu sun ƙone, wasu a gobarar birnin Richmond ta Afrilun 1865.

Sai gwajin DNA, wanda kowa yake son farawa da shi ni kuma nake cewa a barshi ƙarshe. Na AncestryDNA wajen dala 99 ne kuma suna yawan karya kuɗin lokacin bukukuwa, yawu zaka tofa a kwalba ka aika. Amfaninsa na gaske ba wannan taswirar kashi kaza Najeriya kashi kaza Mali bane, wannan kintace ne kuma yana canjawa duk sanda suka sabunta, amfaninsa shine dangin da zai haɗa ka dasu, kuma Ancestry suka fi kowa yawan waɗanda suka yi gwajin. Amma irin wannan gwajin baya wuce kakanni biyar zuwa shida da ƙarfi, kafin ka kai 1700 jinin ya tsinke. In layin uba zalla kake bi FamilyTreeDNA suna da gwajin da namiji kaɗai yake yi, yana tafiya nesa sosai. African Ancestry kuma da aka kafa a 2003 suna baka sunan ƙabila, har Hausa da Fulani suna fitowa, yafi tsada kuma layi ɗaya tak yake bi cikin ɗaruruwan kakanni, sannan mu da muka san yadda aure da fatauci suka cakuɗa Bahaushe da Bafulatani da Babarbare da Banufe mun san jini baya tsayawa a iyakar yare. Maganar sirri ma abin dubawa ce, a kamfanin gwajin DNA na 23andMe an kutsa bayanan mutum kusan miliyan 7 a 2023, suka kuma shigar da takardar karyewa a Maris 2025.

Wani ɗan abu da yake rikita sabon shiga, kafin 1752 Ingila da yankunanta sabuwar shekara 25 ga Maris take farawa, shi yasa zaka ga an rubuta Fabrairu 1720/21, ba kuskure bane.

Mu dai yanzu FamilySearch muke kullum, Ancestry muna shiga wata ɗaya in tambayoyi sun taru, gwajin yawu kuma gwaggon muka fara yi wa tunda ita ce babba, jininta yafi kusa da na da. Matar nan ta littafin rabon gado mun bi ta har gidan ɗan mamacin da ya gaje ta, yanzu wasiyyar mahaifin mamacin muke nema ko zamu ga sunan uwarta, littafin kuma yana cikin waɗanda basa buɗuwa daga gida, ranar Asabar zamu laburare da yarinyar.