Duwatsun kiristal masu yanka: abin da na gani bayan wata takwas ina aiki da su a Damagaram

Na daɗe ina shirya sarƙa, ɗan kunne, abin hannu da jigida a gidanmu da ke unguwar Birni, kuma mafi yawan masu saye a wurina mata ne masu shirin biki ko suna. Duwatsun da na saba aiki da su su ne na roba da na gilashi da ake sayarwa zare-zare a kasuwar Dole. Gab da Babbar Sallah da ta wuce, wani ɗan kasuwa da ke zuwa sari Kano ya kawo mini ƙunshi shida na duwatsun kiristal, masu milimita 4 da masu milimita 6, kowane ƙunshi ɗauke da ƙwara 144, an kuma rubuta a jikin takardar cewa a ƙasar Cek aka yi su. Siffarsu mai ciki ce a tsakiya, tsukakkiya a kai da gindi. Kuɗinsu ya kusan ninka na waɗanda na saba saye sau uku, shi ya sa na ƙi cewa komai a kansu sai da suka ga damina suka kuma ga hunturu a wuyan mutane.

Abu na farko da ya kamata mai saye ya sani shi ne, kiristal ɗin nan ba dutsen da ake haƙowa daga ƙasa ba ne, gilashi ne da aka narka aka kuma yanka da na'ura. A da, sinadarin dalma ake zubawa a cikinsa, domin dalma tana ƙara masa nauyi, tana sa ya karya haske fiye da gilashin kwalba, kuma a ƙa'idar Turai sai dalmar ta kai kashi 24 cikin ɗari kafin a kira shi kiristal mai dalma. Daga baya manyan kamfanoni sun koma haɗin da ba shi da dalma, kamar yadda Swarovski na ƙasar Ostiriya ya yi a 2012. Batun dalmar nan ya dame ni ƙwarai, domin na sha ganin jariri a bayan uwarsa ya kamo sarƙarta ya kai baki. Ƙasar Cek kuwa, musamman yankin garin Jablonec, ta yi ɗaruruwan shekaru tana sana'ar duwatsun gilashi.

Ranar da kayan suka iso ban duba su a ɗaki ba, domin a ƙarƙashin fitila ko na roba ma walƙiya yake yi. Na jira sai da hantsi, na shimfiɗa farin ƙyalle a kan faifai a tsakar gida, na zuba sababbin a gefe guda, tsofaffin nawa na gilashi a ɗaya gefen. Tsofaffin suna sheƙi, amma sheƙin a saman jikinsu ya tsaya, kamar kwanon da aka goge. Sababbin kuwa hasken shiga cikinsu yake yi ya fito a rarrabe, har na ga ɗigo-ɗigon ja da kore da shuɗi suna rawa a jikin bangon kicin duk lokacin da na motsa faifan. Ƙanwata da ke wanke-wanke a gefe ta ajiye kwanon da ke hannunta ta zo ta tsuguna tana kallo.

Da na ɗauki ƙwara ɗaya na bi ta da farce, sai na gane inda bambancin yake. Kowace fuska shafaffiya ce sumul, kuma inda fuska biyu suka haɗu akwai kaifi da farce ke ji, layukan duk sun taru a wuri guda ba tare da ɗaya ya zarce ɗaya ba. Dutsen da aka zuba a mazubi gefensa dasasshe ne, wani lokaci har da siririn layi inda ɓangarori biyu na mazubin suka haɗu, sannan idan aka ɗaga shi ga rana akan ga ƙananan kumfa a cikinsa. A ƙunshi shida ɗin nan ban ga kumfa ko ɗaya ba, kuma ƙwara bakwai kawai na ware saboda sun ɓantare a bakin rami. Girmansu ma daidai yake, abin da duk mai shirya sarƙa mai jeri uku ya san darajarsa, domin ƙwara ɗaya idan ta fi ƴan uwanta tsawo sai jeren gaba ɗaya ya karkace a kan ƙirji.

Amma kaifin nan da ke kawo walƙiya shi ne kuma ya jawo mini asara ta farko. Na shirya wa wata baiwar Allah sarƙa mai jeri biyu da zaren nailan da na saba amfani da shi, ta sa ta sau uku ko huɗu, ana tsakiyar biki zaren ya tsinke. Washegari ta zo da abin da ta iya tsincewa ƙulle a bakin mayafinta. Na ce mata, "Hajiya, ki yi haƙuri, laifin daga wurina yake, zan sake shirya miki ba tare da kin ƙara ko dala ba." Da na duba inda zaren ya rabu, sai na ga bakin ramin dutsen ne ya yi ta cin sa a hankali. Tun daga ranar na koma siririyar waya mai rufin roba, ina kuma sanya ƙaramin dutse mai santsi tsakanin kowace ƙwara biyu don kada su riƙa gugar juna. Ba a sake dawo mini da tsinkakkiyar sarƙa ba. Jigida kuwa na daina yin ta da su gaba ɗaya, domin tsininsu yana damun fata idan an kwanta.

Biyu daga cikin ƙunsoshin suna da rufin nan mai kama da bakan gizo, wanda ake kira AB, dabarar da Swarovski ya fito da ita a 1956 tare da mai zanen tufafi Christian Dior. Su ne suka fi ɗaukar ido a ranar farko, su ne kuma suka fara ƙarewa a hannuna. Sai dai rufin siririn shafe ne na ƙarfe a saman gilashin, kuma mu a nan mace ba ta fita biki ba tare da humra da turare a wuya ba. Bayan kamar wata biyar na ga sarƙar wata maƙwabciyata da ke yawan sa ta, ƙwarorin da ke kwanciya a bayan wuya sun dusashe, na gaba kuma suna nan da kyansu. Waɗanda launinsu yake cikin gilashin kansa, ja da ruwan zuma da kore, ba su canza ba ko kaɗan. Yanzu nakan gaya wa kowace mai saye ta gama shafa turarenta, ta bari ya bushe, sannan ta ɗaura sarƙar.

Hunturu ya koya mini wani abu dabam. Ƙurar da ke sauka a kan komai daga Disamba zuwa Fabrairu tana ɗauke da ɓarɓashin yashi, yashi kuma ya fi gilashi tauri, saboda haka goge dutsen a bushe da gefen zani karce fuskarsa yake yi. Ina tsoma su cikin ruwa mai ɗan ɗumi da sabulu kaɗan, in ɗauraye, in shanya a inuwa a kan ƙyalle mai laushi, sai walƙiyarsu ta dawo kamar ranar da na buɗe ƙunshin.

A kasuwa duk abin da ke ƙyalli akan kira shi Swarovski, alhali tun 2021 kamfanin ya taƙaita sayar da duwatsunsa ga masu ƙananan sana'a irin tamu, don haka ni sunan da mai kaya ya faɗa ba ya sa ni ciro kuɗi. Nakan nemi izinin fita da ƙwara ɗaya bakin rumfa in duba ta a rana.

Ga sarƙar amarya, da ɗan kunne, da kayan da za a sa a lefe, na gamsu cewa waɗannan duwatsu sun cancanci kuɗinsu, kuma marasa rufin sun fi dacewa da yanayinmu. Ga abin hannun yara da kayan sawa kullum, na gilashin kasuwar Dole sun wadatar. Na riga na ba ɗan kasuwar saƙon ƙunshi takwas a tafiyarsa ta gaba, shida marasa rufi, biyu masu rufin bakan gizo saboda ɗan kunne, tun da shi ba ya kwanciya a kan fata.