GPlates: manhajar da ke mayar da nahiyoyi mazauninsu na da

Kyauta ce, tana aiki a Windows, macOS da Linux. Loda fayil ɗin gaɓar teku da na juyawa (mai bayanin yadda nahiyoyi suka motsa) mai ƙarewa da .rot, ka sa lokaci a shekara miliyan 140 baya, sai ga Brazil manne da gaɓar Najeriya.

Inda sababbin hannu ke tuntuɓe shi ne lambar faifan ƙasa, wato babban yankin ɓawon duniya da nahiya ke tafiya a kansa. Wurin da ka shigar babu lamba (ta Afirka 701 ce) zai tsaya cak, nahiyar ta tafi ta bar shi. In ka haura shekara miliyan 200 kuma, kada ka rantse da gabas ko yamma, domin maganaɗisun duwatsu nisan wuri daga ikwaita yake nunawa. Fuskar manhajar kam ta tsufa, maɓallan sai an laluba.