Ko wakilan ƙirƙirarriyar basira za su kashe manhajojin kamfanoni? Kwatancin ra'ayin manazarta

Ɗan'uwa, ka ce ka karanta sharhi iri biyu masu karo da juna. Wasu manazarta suna cewa ƙirƙirarriyar basira za ta share manyan manhajojin da kamfanoni ke tafiyar da harkokinsu a kai, irin na SAP da Oracle da Salesforce da Workday, wasu kuma suna cewa waɗannan kamfanonin ne za su fi kowa cin moriyarta, kuma kana son sanin wanne ya fi kusa da gaskiya kafin wurin aikinku ya sabunta yarjejeniyarsa da mai sayar masa da manhaja. Na daɗe ina bibiyar muhawarar, kuma abin da na fahimta shi ne kowane ɓangare wani sashe dabam na manhajar yake kallo, shi ya sa kowa ke riƙe da hujja mai ƙarfi amma ya kasa gamsar da abokin jayayyarsa.

Duk wata babbar manhajar kamfani tana da sassa uku. Akwai rumbun bayanai, inda aka rubuta wa ake bi bashi, nawa ne albashin wane, kaya nawa suka rage a sito. Akwai ƙa'idojin aiki, wato dokokin da ke cewa ba a biyan mai kawo kaya sai takardar oda da takardar karɓar kaya da takardar neman biya sun dace da juna, ko kuma kuɗin da ya haura wani adadi sai manaja biyu sun sa hannu. Sannan akwai fuskar manhajar, allon da ma'aikaci ke dannawa yana cike gurabe. Idan ka riƙe wannan rabon a zuciyarka, sauran bayanin zai zo maka da sauƙi.

Masu cewa manhajojin sun kusa ƙarewa sun sami babban mai goyon baya a watan Disamba na 2024, lokacin da Satya Nadella, shugaban Microsoft, ya bayyana a wata hira cewa yawancin manhajojin kasuwanci rumbun bayanai ne kawai da aka ɗora wa ƙa'idoji, kuma ƙa'idojin za su iya komawa hannun wakilai, wato shirye-shiryen ƙirƙirarriyar basira da ke karɓar umarni da harshen mutum su aiwatar da aiki mataki bayan mataki. A ganinsu, ma'aikaci ba zai ƙara buɗe allo biyar don ya mayar wa abokin ciniki kuɗinsa ba. Zai faɗi abin da yake so, wakilin ya shiga rumbuna daban-daban ya kammala. Idan haka ta tabbata, fuskar da kamfanonin manhaja suka kashe shekaru suna ƙawatawa ta rasa daraja, kuma wanda ya mallaki wakilin shi ne ya mallaki abokin cinikin.

Hujjarsu ta biyu ta fi ta farko nauyi a wurina, domin ta shafi kuɗi kai tsaye. Tun da Salesforce ya fito a 1999 ya yaɗa tsarin hayar manhaja ta intanet, yawancin masu sayarwa suna ƙirga kuɗinsu ne bisa adadin ma'aikatan da ke amfani da ita, kowane mutum da kuɗinsa na wata. Wannan tsari yana bunƙasa muddin kamfanoni suna ɗaukar sababbin ma'aikata. To amma a 2025 Marc Benioff, shugaban Salesforce, da kansa ya ce Salesforce ya rage ma'aikatan sashen kula da abokan ciniki daga kimanin 9,000 zuwa kimanin 5,000 saboda wakilan da ya girka. Idan masu sayen manhajarsa suka bi sahunsa, adadin mutanen da ake biya musu kuɗin wata zai ragu, kuma kayan da yake tallatawa su ne za su zaftare masa tsohon kuɗin shiga. Manazartan kasuwar hannun jari da ke ɗar-ɗar da kamfanonin manhaja, galibi wannan lissafin ne ke damunsu.

Misalin da wannan ɓangare ya fi ambata shi ne Klarna, kamfanin biyan kuɗi na ƙasar Suwidin. A watan Fabrairu na 2024 ya sanar cewa mataimakinsa da aka gina da fasahar OpenAI ya gudanar da hira miliyan 2.3 a wata guda, aikin da ya yi daidai da na ma'aikata 700, daga baya kuma aka ji cewa ya rabu da Salesforce da Workday. Sai dai wannan misalin ya zama makami a hannun ɗaya ɓangaren ma. A 2025 shugaban kamfanin, Sebastian Siemiatkowski, ya fito ya bayyana cewa ba injin harshe, wato ƙirƙirarriyar basira mai rubutu da amsa tambaya, kaɗai suka ɗauka suka maye gurbin manhajojin da shi ba, sun tattara bayanansu ne wuri guda a tsarin da suka gina, kuma ya nuna shakkar cewa yawancin kamfanoni za su bi wannan hanya. A watan Mayu na shekarar ya amince cewa fifita rage kashe kuɗi ya taɓa ingancin hidima, kuma za su sake ɗaukar mutane don amsa abokan ciniki. Ni a ganina labarin Klarna ya tabbatar da abu biyu a lokaci guda: wakili yana iya ɗauke babban kaso na tambayoyi masu maimaituwa, kuma wanda ya gina nasa tsarin dole ya kasance yana da injiniyoyi masu yawa da bayanai a tsare, abin da yawancin masana'antu da asibitoci da bankuna ba su da shi.

Ɗaya ɓangaren, masu cewa tsofaffin kamfanoni za su daɗe, sun fi dogara da abin da ke faruwa a cikin ofisoshi. Kamfanin bincike na Gartner ya yi hasashe a watan Yuni na 2025 cewa sama da kashi 40 cikin 100 na ayyukan girka wakilai za a soke su kafin ƙarshen 2027, saboda tsada da rashin bayyananniyar riba da raunin matakan kariya. Ya ƙara da cewa daga cikin dubban masu iƙirarin sayar da wakilai, kimanin 130 ne kawai suke da na gaske, sauran tsofaffin kaya ne aka canza wa suna. Abin lura shi ne Gartner ɗin nan dai ya yi hasashen cewa zuwa 2028 kashi 33 cikin 100 na manhajojin kamfanoni za su ƙunshi wakilai, daga ƙasa da kashi 1 a 2024. Ka ga ke nan bai ce fasahar banza ba ce, cewa ya yi za ta shigo ne ta cikin manhajojin da ake da su. Wani rahoto da ya fito daga wani shiri na jami'ar MIT a 2025 ya ce kusan kashi 95 cikin 100 na gwaje-gwajen da kamfanoni suka yi ba su nuna ribar da za a iya aunawa ba, kuma waɗanda suka sayo daga ƙwararrun masu sayarwa sun fi waɗanda suka gina da kansu nasara. Wannan adadi ya yi yawo sosai, amma ina ba ka shawara ka riƙe shi da sassauci, domin an gina shi ne a kan hirarraki da tambayoyi ga mutane kaɗan, kuma an soki yadda aka auna nasarar.

Hatta a kan girman ribar gaba ɗaya tazarar tana da faɗi. Kamfanin ba da shawara na McKinsey ya ƙiyasta a 2023 cewa wannan fasaha za ta iya ƙara wa tattalin arzikin duniya dala tiriliyan 2.6 zuwa 4.4 a kowace shekara, yayin da Daron Acemoglu, masanin tattalin arziki na MIT da ya sami kyautar Nobel a 2024, ya lissafa cewa ƙarin da za ta kawo ga yawan abin da ake samarwa da ma'aikata da jari iri ɗaya a Amurka ba zai kai kashi 1 cikin 100 ba a tsawon shekara goma. Na farko yana auna abin da zai yiwu idan kowa ya rungumi fasahar yadda ya kamata, na biyu yana auna ayyukan da zai yi arha a miƙa wa na'ura a zahiri.

Inda na fi ganin ƙarfin wannan ɓangare shi ne batun rumbu da ƙa'idoji. Dubi SAP, wanda tsofaffin ma'aikatan IBM biyar suka kafa a Jamus a 1972. Ya fitar da sabuwar manhajarsa S/4HANA a 2015, ya sa 2025 a matsayin shekarar da zai daina kula da tsohuwar, amma a 2020 ya ɗage zuwa ƙarshen 2027, tare da damar ƙari zuwa 2030 ga wanda zai biya, saboda dubban abokan cinikinsa ba su shirya ƙaura ba. Idan sauya sheƙa daga manhajar SAP zuwa wata manhajar SAP yana cin shekaru, ka yi tunanin yadda barinsa ɗungurungum zai kasance. Dalilin kuwa shi ne a cikin waɗannan manhajoji aka binne dokokin haraji na ƙasashe da yawa, da tsarin albashi, da tarihin duk wanda ya taɓa wani adadi da ranar da ya taɓa shi. A Amurka, dokar Sarbanes-Oxley ta 2002 ta wajabta wa shugaban kamfani da shugaban sashen kuɗi su sa hannu da kansu cewa lissafin da suka fitar daidai ne. Mutumin da zai iya fuskantar kotu saboda adadi ɗaya ba zai yarda ƙa'idar biyan kuɗi ta koma hannun injin da ke iya ba da amsa biyu mabambanta ga tambaya ɗaya ba.

Akwai ɗan lissafi da ke bayyana wannan tsoro. A ce wakili yana yin daidai sau 95 cikin 100 a kowane mataki, kuma aikin yana da mataki 20 da kowanne ya dogara da na bayansa. Damar ya kammala ba kuskure ba ta wuce kashi 36 cikin 100 ba. Ko da ingancinsa ya kai 99, damar tana tsayawa ne a wajen kashi 82. Wajen taƙaita wasiƙa ko rubuta daftarin amsa wannan ba matsala ba ce, tunda mutum zai duba. Wajen rufe lissafin wata kuwa babbar matsala ce. Alhakin kuskuren ma a wuyan kamfani yake, kamar yadda wata kotun sasanta ƙananan ƙararraki a lardin British Columbia na Kanada ta yanke a watan Fabrairu na 2024, inda ta tilasta wa Air Canada biyan wani fasinja da na'urar amsa tambayoyi ta shafin kamfanin ta ba bayanin ƙarya game da rangwamen tikitin masu zuwa jana'iza.

Tarihi ya ba kowane ɓangare rabonsa. Lokacin da hayar manhaja ta intanet ta zo, Siebel, wanda shi ne sarkin manhajar kula da abokan ciniki, ya rasa matsayinsa har Oracle ya sanar da sayensa a 2005 kan kusan dala biliyan 6, amma SAP da Oracle, masu riƙe da littafin kuɗi, suna nan har yau. Ina sa ran wannan karon ma haka za ta kasance. Manhajojin da darajarsu ke kan fuska da sauƙin amfani, irin na tsara ƙananan ayyuka da amsa tambayoyi da haɗa rahoto, su ne ke cikin haɗari na gaske, domin rubuta irinsu yana ƙara araha. Masu riƙe da kundin da odita ke dubawa za su daɗe, sai dai yadda ake biyansu zai canza.

Canjin ma ya riga ya fara, kuma ba a daidaita a kan tsari ɗaya ba. Microsoft ya fitar da mataimakinsa Copilot ga manyan kamfanoni a watan Nuwamba na 2023 kan dala 30 ga kowane ma'aikaci a wata, wato tsohon tsari. Salesforce ya fara sayar da wakilinsa Agentforce a 2024 kan dala 2 ga kowace hira, sannan a 2025 ya ƙara tsarin biya bisa kowane aiki da wakilin ya yi. Intercom kuwa, kamfanin manhajar amsa abokan ciniki, ya sa farashin santi 99 ne idan wakilinsa Fin ya warware matsalar abokin ciniki. Kowanne da inda yake ciwo: na farko kana biya ko ba a yi amfani da shi ba, na biyu ba ka san abin da zai zo maka a ƙarshen wata ba, na uku kuma sai an yi jayayya kan ma'anar warwarewa, musamman idan abokin cinikin ya gaji ne ya rufe hirar.

Inda gizo ke saƙar a yanzu shi ne ƙofar bayanai, kuma sharhin da ka karanta wataƙila bai tsaya a kanta ba. Hasashen Nadella ba zai tabbata ba sai wakilin waje ya iya shiga rumbun kowa. An samar da hanyoyin haɗi don haka, kamar ƙa'idar MCP da Anthropic ya fitar a watan Nuwamba na 2024, wadda OpenAI da Google da Microsoft suka karɓa daga baya. Amma masu rumbun ba su zauna sun naɗe hannu ba. A 2023 Christian Klein, shugaban SAP, ya ce sababbin abubuwan da za su ƙirƙira sai masu hayar manhajarsu ta intanet za su samu. A 2025 Salesforce ya tsaurara sharuɗɗan kwasar saƙonni daga Slack, manhajarsa ta hirar ma'aikata, ya kuma sanar da sayen Informatica, kamfanin tsara bayanai, kan kimanin dala biliyan 8, a shekarar da Celonis, kamfanin da ke nazarin bayanan ayyukan kamfanoni, ya kai SAP ƙara a Amurka yana zarginsa da toshe wa abokan ciniki hanyar fitar da bayanansu. Ka kuma tuna cewa masu magana suna da abin da suke karewa: Microsoft yana sayar da wakilai da na'urorin da ke ɗauke da su, masu manhaja suna kare kuɗin hayarsu, kamfanonin bincike kuma suna sayar da shawara ga masu saye da masu sayarwa baki ɗaya.

Saboda haka, idan kun zauna sabunta yarjejeniyarku, ni abin da zan fi matsa wa a kai shi ne a rubuta ƙarara cewa kuna da ikon fitar da bayananku da haɗa wakilin da kuka ga dama ba tare da ƙarin kuɗi mai nauyi ba, a ba ku damar rage adadin ma'aikatan da kuke biya wa a tsakiyar wa'adi, a sa iyaka ga kuɗin amfani na wata, kuma duk abin da wakili ya taɓa ya bar sawu da odita zai iya bi. Game da tsawon wa'adi, zan amince da shekara uku ko fiye ga manhajar kuɗi da albashi, amma ga wakilai da mataimaka ba zan wuce shekara ɗaya ba, tunda Salesforce kansa ya sauya tsarin farashin Agentforce kafin ya cika shekara da fitowa.