Radar ta ƙasa da ta jirgin sama wajen auna iskar mahaukaciyar guguwa

Dukansu biyu hanya ɗaya suke bi, wato su aika sigina zuwa ɗigon ruwan sama, sannan su gane saurin iska daga yadda siginar ta sauya da ta dawo. Sai dai kowace radar tana auna motsin da ke tunkaro ta ne ko wanda ke nisantar ta, iskar da ta gitta ta gefe kuwa ba ta kama ta.

Radar da aka kafa a gaɓar tekun Amurka tana aiki dare da rana, tana sabunta bayani duk bayan 'yan mintoci. Matsalarta nisa: saboda lanƙwasar duniya, idan nisan guguwa daga radar ya wuce kilomita 200, siginar takan bi ta saman iskar da ke kusa da ruwa. Ita kanta ba ta tsira ba, domin guguwar Maria ta ragargaza radar ta Puerto Rico a 2017.

Jirgin P-3 na hukumar NOAA, mai kula da teku da yanayi a Amurka, kuwa yana kutsawa har cikin idon guguwar, wato tsakiyarta, da radar a wutsiyarsa wadda ke leƙa gaba da baya yayin da yake tafiya. Ta haka ake kallon wuri guda ta fuska biyu, a fitar da alkiblar iska da ƙarfinta hawa-hawa. Amma mai yakan ƙare, dole jirgin ya koma.

A ganina, muddin guguwa tana tsakiyar teku, jirgin ne abin dogaro, domin a lokacin ne ake yanke shawarar kwashe jama'a.