Lalitar Ƙugu ko Jakar Rataye: Wacce Ta Fi Tsare Kuɗi Daga 'Yan Sane?

Masu shigowa Kano fatauci suna yawan tambaya wacce ta fi tsare kuɗi da waya: lalitar da ake ɗaurawa a ƙugu ƙarƙashin riga, ko jakar rataye.

Ta fuskar tsaro lalita ce kan gaba, domin ɗan sane a cunkoson Kantin Kwari ko tashar Unguwa Uku abin da idonsa ya gani yake bi, ya goga kafaɗa, ya sa reza. Jaka kuwa, muddin ta koma baya, tsaga ɗaya ta isa, shi ya sa ake rataya ta a ƙirji, hannu na kan zif. Sai dai lalita tana da wahalar sha'ani, don duk lokacin biya sai an ɗaga riga a gaban jama'a, wanda hakan ma tallar kuɗi ne, ga zufar bazara. Tela zai ɗinka ta da araha, amma jaka mai kauri ta fi daɗewa.

Lalita ta dace da ɗan kasuwar da ya ɗauko kuɗin sari, jaka kuma da mai ƙananan sayayya da yawan hawan adaidaita sahu.